Kai Ɗan Gidan Wa Ne?

 

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a unguwar nan. Yaro ya aiko neman aure, kafin a tambayi sana'arsa sai an ce, “Ɗan gidan wa ne?” Baƙo ya sauka da kaya yana neman wanda zai tsaya masa, tambayar ke nan. Ɗanka ya gama sakandare zai shiga jami'a ko aikin ɗamara, sai a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, alhali a Ibadan aka binne cibiyarsa, a Ibadan aka binne ta ubansa. In ya hau mota ya tafi Arewa neman takardar, yana buɗe baki a ce ai wannan Hausar ta 'yan Kurmi ce. Nan baƙo, can baƙo. Shi ya sa nake so a wannan fitowa mu zauna a kan maganar asali. Me yake ba mutum, me kuma ba shi da ikon ba shi? In za a auna mutum, tushensa ake ɗorawa a sikeli ko aikin hannunsa?

Zan bi da maganar ta cikin tsofaffin littattafanmu na hira, waɗanda da yawa cikin sa'o'ina suka karanta suna yara, ko suka ji wani yaya yana karanta wa mutanen gida da dare a gaban fitilar ƙwai. A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta nemi malamai su rubuta labarai da Hausar boko. A wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da na lura, uku daga cikin biyar ɗin nan a kan uba labarinsu ya ginu: uban da aka rasa, uban da ya yi zalunci, da uban da aka kunyata. Ashe tun ranar da Bahaushe ya ɗauki alƙalami zai ƙago labari, abin da ke cin ransa ke nan.

Mu fara da Shaihu Umar, don shi ya fi kama da mu. Littafin ya buɗe da wani babban malami a garin Rauta, a ƙasar Bauci, almajirai kewaye da shi. Sai ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi daga ina ya fito, don sun ga alamar ba mutumin garin ba ne. Ku duba fa. Malamin da ake tahowa daga nesa ɗaukar karatu wurinsa, amma ilminsa bai hana a yi masa tambayar da ake yi wa yaranmu ba. Littafin gaba ɗayansa amsar wannan tambaya ce.

Umar ɗan Kagara ne. Ubansa ya rasu bai san shi ba. Uwarsa ta auri Makau, bafade amintaccen sarki, sauran fadawa suka ƙulla masa sharri don hassada har aka kore shi daga gari. Cikin wannan hali uwar ta tafi ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta bazama nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuyar bauta har Tarabulus. A can Allah Ya haɗa su, ta gan shi da idonta, ba a daɗe ba ta cika.

Duk abin da ya sa ake ce wa Umar Shaihu, ba a Kagara ya samo shi ba. Karatun da ladabin da Larabcin, a gidan wanda bai haife shi ba ya same su, kuma ta ƙofar bauta ya shiga gidan. Da Shaihu Umar zai zo Sabo neman aure yau, wallahi sai an yi ta ƙus-ƙus a wasu gidajen, a ce ai an taɓa sayar da shi, uwarsa ma a hannun bauta ta ƙare. Amma da an tayar da iƙama, shi za mu tura gaba. Wannan saɓani da ke tsakanin sahun salla da zauren neman aure, shi ne ciwon da nake so mu taɓa.

Sai dai littafin bai ce asali banza ne ba. Umar yana Masar cikin rufin asiri da girma, ba abin da ya rasa, amma begen uwarsa da ƙasarsu ya hana shi sakat har sai da ya nemi a bar shi ya komo. Ilmi ya ba shi daraja, bai cike masa wannan gurbi ba. Akwai yunwar da tuwo ba ya kashewa. Sannan akwai abin da mai karatu da gaggawa kan tsallake: shi kansa Makau, mutumin kirkin labarin, harin kama bayi ya fita da umarnin sarki kafin a yi masa sharrin. Gidan da ya ci daga cinikin mutane, shi ne gidan da aka sayar da matarsa da ɗan riƙonsa. Wato a ƙasarmu ta da, abin da ke tsakanin ɗa da bawa rana ɗaya ce ta rashin sa'a. Mai bugun ƙirji yau cewa kakansa ɗa ne, ya gode wa Allah da mahara suka faɗa wa ƙauyen gaba suka bar nasu.

Wannan labari yana tuna mini da Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya yarda da shi. Shi ma yana yaro aka kama shi a hari, aka sayar, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah (SAW). Ubansa da baffansa suka biyo sawu har Makka za su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama wurin wanda ya riƙe shi, har aka riƙa kiransa ɗan Muhammadu. Daga baya Suratul Ahzabi ta sauko da umarnin a riƙa jingina kowa ga ubansa na haihuwa, wanda kuwa ba a san ubansa ba a ɗauke shi ɗan'uwa a addini. Ku ga yadda aka raba abin. Ƙauna da tarbiyya suna wurin mai riƙo, suna kuwa na mahaifi ne. Ba a yarda a goge asalin Zaidu ba, ko da za a musanya masa da sunan da ya fi kowane suna. Kuma bautar da ya taɓa yi ba ta hana a ba shi tutar runduna a yaƙin Mu'uta ba. Shi kaɗai ne ma sahabin da aka ambata da sunansa a cikin Alƙur'ani.

To, Jiki Magayi ya zo ta wata kusurwar mai ɗaci. Malam Shehu attajiri ya sa ƙarfin dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, yarinyar da suke son juna. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, kuma kan ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu ya auna shi, wato Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidan, ƙarshe ya kashe ubansa da hannunsa bai san shi ne ba. Ranar da aka yi zaluncin nan, Kyauta ko cikinsa ba a ɗauka ba. Amma shi ya biya.

A nan dole mu rarrabe tsakanin alhaki da tabo. Alhaki ba a gadonsa. Allah ba Ya kama ɗa da laifin uba, wannan kowane ɗan Islamiyya ya sani. Tabo kuwa ana gadonsa, ko mun so ko mun ƙi, don ƙayar da uba ya shuka a tsakar gida 'ya'ya ne ke takawa. Saboda haka labarin yana magana da mutum biyu. Yana ce wa uba: abin da kake yi yau a kasuwa, tauye mudu ne, cin amanar abokin ciniki ne, ƙwace filin maraya ne, yana cikin kayan gadonka ko da mai rabon gado bai lissafa shi ba. Yana kuma ce wa wanda aka zalunta: kada ka rama a kan yaro. Mu kan ga kamar laifin Abubakar zuwa wurin boka ne kawai. Ai mu ma muna yin irin asirin nan ba tare da boka ba, sunansa gori. Ka yi ta gaya wa yaro tun yana ƙarami cewa shi ɗan ɓarawo ne, uwarsa kaza ce, a hana 'ya'ya wasa da shi, a ƙi ɗaukarsa a shago. In ya kai shekara ashirin ya fara ɗauke-ɗauke, sai mu tafa hannu mu ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To wa ya koya masa gudun? Ikrima ɗan Abu Jahil da ya musulunta, Manzon Allah (SAW) hana sahabbai ya yi su zagi ubansa, don kada a cutar da mai rai. In an kare zuciyar ɗan Abu Jahil, ɗan wa ya rage da ya halatta mu yi wa gori?

Ruwan Bagaja kuwa, duk da ban dariyarsa, tushen tafiyar kunya ce. Sarki ya muzanta Liman, mijin uwar Alhaji Imam, a gaban fada kan maganar ruwan Bagaja. Alhaji ya bar gida ya yi shekaru yana yawon duniya har ya kawo ruwan, ya wanke sunan tsohon. Ban ce a yi koyi da wayonsa da na Malam Zurƙe ba. Abin lura, ya ɗauki sunan gidan da ya tashi a ciki a matsayin bashi a wuyansa, kuma ya biya da ƙafarsa.

Wannan ma'ana ta bashi, mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa gane ta. An kafa unguwar nan a 1916. Kakanninmu sukan kawo shanu su koma da goro, kuma duk harkar a kan suna take tafiya. Falke ya sauke shanu a gidan maigida, a sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba sa hannu, maigidan ne ya tsaya. Goro a ɗaure shi huhu-huhu a sa a jirgin ƙasa zuwa Arewa, kuɗi su dawo daga baya ba ko sisi da ya yi ciwon kai. Har wani Baturen bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Jarin maigida na gaske sunansa ne, kuma shi ne babban abin da yake bar wa 'ya'yansa. Har gobe, in yaro ya ce shi jikan wane ne, akwai inda za a ba shi kaya ba a tambayi jingina ba. Wannan gaskiya ne, kuma addini bai musa ba. A Suratul Kahfi an gyara wa marayu biyu bango don a tsare musu dukiyarsu, dalilin da aka bayar kuwa shi ne ubansu mutumin kirki ne. Amma sunan uba sau ɗaya yake buɗe ƙofa. Ranar biya, ba kaka ne zai taso daga maƙabarta ya ƙirga kuɗi ba. Mun ga gidajen da sunansu ya cika unguwa suka rushe a hannun 'ya'ya, mun kuma ga yaran gida da suka zo da buhu ɗaya, ba dangin iya ba na baba, suka zama masu gida ana sauka wurinsu.

Sai maganar wane ne ma Bahaushen. Akwai littafin Baba ta Karo, wata tsohuwa da Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba da kakanninta ta fara, kuma ba ta ɓoye ba cewa su Barebari ne, daga Barno tushensu yake. Duk da haka duniya ta san littafin a matsayin madubin rayuwar Bahaushiya. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji da ya rasu a 1955, zuri'arsu Agalawa ne, fataken goro masu asali daga wajen Azbin. Ubansa ya rasu yana yaro, uwarsa ta tafi birnin Akra na ƙasar Gana, wata tsohuwa baiwar gidansu mai suna Tata ta riƙe shi. Sunan da ya fi kowane suna nauyi a kasuwancin Kano, sunan wannan baiwar Allah ne, kuma zuri'arsa ba su ji kunyar ɗaukarsa ba. A cikin birnin Kano akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai unguwar Ayagi da fataken Yarabawa suka zauna, jikokinsu yau Kanawa ne ba mai ja. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. Hausa kogi ce da rafuka da yawa suka zuba a cikinta. Wanda ya ce wa ɗan Sabo ba cikakken Bahaushe ba ne don uwarsa Bayarabiya ce, ko don harshensa ya ɗan karkata, ya fara zuwa ya tambayi kakarsa tukuna.

Na san abin da wani dattijo zai ce: “Malam, kana nufin in ba da 'yata ban bincika ba?” A'a, Alhaji, ka bincika, haƙƙinta ne a kanka. Amma me kake bincike? In kana tambayar yadda ake zama a gidansu, ana salla ko ba a yi, yaya ubansa ya riƙe uwarsa, ana cin halal, ana dukan mata, wannan tarbiyya kake bincike, kuma tana da tasiri, don yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Ko a nan ma ka dubi yaron kansa, don wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa, ta kowace fuska. Ɗan Annabi Nuhu a gidan annabci ya tashi ya halaka, Annabi Ibrahim a gidan mai sassaƙa gumaka ya tashi. In kuwa abin da kake tono shi ne kakan kakansa bawa ne, ko su wanzamai ne, ko mahauta, ko maƙera, to ka sani a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ake dubawa wajen dacewar miji shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke raba aure. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ba Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, shawarar ta auri Usama ɗan Zaidun nan da muka ambata. Ya kuma umarci wata ƙabila ta Madina su yi auratayya da Abu Hindu, wanda sana'arsa ƙaho ce, wanzami ke nan. Suratul Hujurati ta gaya mana an yi mu dangi-dangi ne don mu san juna, fifiko kuwa na taƙawa ne. Kuma abin kunya ne a unguwar da naman mahauta da tsire suka gina rabin gidajenta a ce ɗan mahauci bai isa aure ba.

Inda na tsaya ke nan: asali amana ce da aka ba ka ka riƙe, ka sani, ka faɗe shi da gaskiya, ka miƙa wa na baya. Da shi ake sada zumunci, da shi ake raba gado, da shi ake sanin wanda aure ya haramta da shi. Ba a yi shi don a hau kansa a leƙa tsakar kan mutane ba. In ka gaji suna mai kyau, bashi ne, ka biya. In ka gaji tabo, ba laifinka ba ne, sai dai in akwai haƙƙin wani a cikin dukiyar da aka bar maka, wannan kam ka mayar, ka huta ka hutar da mamacin.

Nasihata ta ƙarshe ga iyaye. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da aka yi ta lodin mutane zuwa Arewa, akwai samarin da tambayar “ina za a sauke ka?” ta fi ƙarfinsu. Sunan jiha kawai suka sani. Wannan sakacinmu ne mu manya. Tsofaffin da suka san hanyar suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowane gida akwai waya mai ɗaukar murya. A zaunar da kaka, a tambaye ta: daga wane gari, wace unguwa, wa ya fara zuwa, me ya kawo shi, su wa aka bari a can? A rubuta a littafi, ta wajen uba da ta wajen uwa. In uwar Bayarabiya ce a rubuta garinsu da gidansu, su ma dangi ne, haƙƙin zumunci bai san yare ba. Ku dubi maƙwabtanmu yadda tsohuwa ke zaunar da jikanta tana jero masa oriki, kirarin gidansu, har ya haddace. Mu ma muna da abin faɗa. Kada a ƙara gishiri, kada a ƙago sharifta ko sarautar da babu ita, jingina kai ga wanda bai haife ka ba babban zunubi ne. Abin da yake na sutura a suturta, amma kada a maye gurbinsa da ƙarya. Wanda Allah Ya hore wa, ya kai yaransa gida ko sau ɗaya a shekara biyu, zumunta a ƙafa take. A kuma gaya musu Ibadan ma gida ce, nan aka haife su, nan kakanninsu ke kwance, suna da haƙƙi a cikinta tana da haƙƙi a kansu.

Wanda kuwa ya zo cikinmu bai san kowa nasa ba, almajiri ne da ya ɓace wa iyaye, ko tsintacce, ko wadda duniya ta jefo ta tuba ta zauna, hukuncinsa yana nan a ayar da ta yi maganar Zaidu. Ɗan'uwanmu ne. Mu ne danginsa, mu za mu tsaya masa ranar aure, kuma daga kansa asalin 'ya'yansa zai fara.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu da kakanninmu da suka sha rana suka kafa mana wurin zama. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu bar musu sunan da ba za su sunkuyar da kai ba in an tambaye su. Wassalamu alaikum.